Sunan da na bari a Kongolam

Tun da na dawo daga Nijar ban ci tuwo da zafinsa ba. Da na sa hannu sai a yi sallama, sai ga wata ta shigo yi mini barka da hanya, kuma kafin ta zauna ta jefo tambayar: wai da gaske ne, Ladidi, ke da ko kasuwar garin nan sai an ja ki, kin ƙetara iyaka? Na ba da labarin har muryata ta dushe. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta da ɗan karatun da na samu a ajin yaƙi da jahilci, a karanta muku a Islamiyya ku huta, ni ma in huta. Inda rubutun ya karkace ku yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da muciya.

Babban ɗana ne dalilin tafiyar, wanda kuka sani da Baffa. Kun san ba shi ne sunansa na yanka ba. Ɗan fari ne, sannan sunan surukina aka raɗa masa, Allah ya jiƙan rai. Tun ranar suna bakina bai taɓa furta sunan nan ba. Ko Baffan ma ba kasafai nake faɗa ba, sai dai in ce wa ƙannensa "ku kira yayanku". Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yaron nan yana da ciwon suga tun yana saurayi, irin wanda ba a rayuwa sai da allura kullum. Insulin ake ce wa maganin, mu dai allurar suga muke cewa. Ya koyi gyaran janareta, ya samu aiki da wani kamfani mai haƙa rijiyoyin burtsatse, suka tafi da shi wani daji can gaba da Matamai. Suna da ɗan ɗakin magani a sansanin, da ma'aikacin lafiya, da firji mai aiki da hasken rana, a nan ake ajiye masa allurarsa.

Ana tsakiyar zafin bazara ma'aikacin lafiyar ya kira wayar Malam, maigidana. Ina gefe ina tankaɗe, amma kun san kunnena. Ya ce batirin firjinsu ya mutu ba su ankara ba, zafi ya lalata abin da ke ciki, ya zubar. Ya ce abin da ya rage a hannun yaron kaɗan ne, ana ta jan sa, kuma ya fara yawan ƙishirwa da kasala. Ya nemi irin tasa allurar a garuruwan kusa bai samu ba, motarsu mai zuwa Damagaram kuma ba ta da ranar dawowa. Ya ce in za a kawo daga Daura, a zo da takardar likitan da ke duba shi, da shaidar kantin da aka saya, kwalayen kuma a rufe yadda aka yi su. In babu waɗannan, doka ba ta ba shi ikon sa magani a firjinsa ba, balle ya yi wa mutum.

Malam idonsa ba ya gani sosai yanzu, ba inda za shi. Sai aka kira ƙaninsa Sabo, dillalin dabbobi, wanda ya san Kongolam, bakin iyakarmu da Nijar, kamar zauren gidansa. Sabo ya zo ya ji, ya ce abu mai sauƙi, a ba shi ya sa a aljihu ya hau babur ya bi ta daji, kafin la'asar ya kai. Da na ji "aljihu" na tashi na ɗauko mayafina. Malam ya ce ina za ki, na ce Nijar. Ya ce Allah ya tsare. Sabo ya ce to ga amarya za a kai yawon buɗe ido. Na ce masa ya rufe mini baki.

Da sassafe muka ga likitan, ya rubuta takarda ya buga hatimi. Daga nan muka je babban kantin magani, ba irin kemis ɗin lungu ba, wanda mai shi ta yi karatun abin. Matar nan ta karanta takardar, ta kira likitan a waya ta tabbatar, sannan ta buɗe wani firji mai ƙofar gilas ta ɗauko 'yan kwalaye. Ta jera mini su a ƙaramar kula, ta naɗe ledojin ƙanƙara da tawul don kada su taɓa maganin. Sai ta ɗauko ledar ruwan sha guda ta kwantar a jikin kwalayen, ta kama hannuna.

"Mama, ki saurare ni. Sanyi yake so, ba ƙanƙara ba. Zafi yana kashe shi, daskarewa ma tana kashe shi. Ruwan nan shi ne mai ba ki labari. In kika ga ya daskare, maganin ya mutu, ko da ido bai nuna ba."

Na maimaita mata har ta gamsu. Ta ƙara da cewa mu bi ta bakin iyaka, mu nuna komai. Ta ce mai allurai a jaka in aka kama shi a hanyar daji, ba mai tsayawa jin cewa na suga ne. Ta faɗi haka tana kallon Sabo, don ta ga alama.

Muka hau motar Mai'adua. An cusa mu kamar buhunan gero, ni da kula a cinya, na lulluɓe ta da gefen mayafi. Wata tsohuwa kusa da ni ta tambaya ko fura ce, in ɗan sam mata. Na ce magani ne. Ta ce na mene ne, na ce na suga, ta ce ai garin hulba ya fi, ta kama kwatanta mini yadda ake jiƙawa har muka sauka. Daga Mai'adua zuwa Kongolam kusa ne, amma duk inda motar ta tsaya ɗaukar wani sai in ji kamar a kan ƙirjina ta tsaya. Ina sa kunne a jikin kular. Da farko shiru. Da muka doshi iyaka na fara jin ɗan motsin ruwa.

Kongolam ban taɓa ganin hayaniya irin tata ba. Manyan motoci a jere, masu canji, masu rake, 'yan babur suna kama hannun mutum. Ɗaya ya raɗa wa Sabo cewa layin yau ya yi tsawo, ya zo ya zagaya da mu ta bayan gonaki. Sabo ya juyo ya dube ni. Ya ce kin ga rana, kin ga layi, ƙanƙarar nan ba za ta jira mu ba. Gaskiya ya faɗa, kuma na ji zuciyata ta karkata. Amma na tuna ma'aikacin lafiyar, na tuna matar kanti. Na ce layi za mu bi.

Muka bi layin. Rana ta hau ka. Aka duba katinmu na ɗan ƙasa aka wuce da mu gaba, wajen masu binciken ƙwaya. Wata ma'aikaciya ce a bakin tebur a ƙarƙashin rumfa, ba za ta girmi ta biyun 'ya'yana ba. Ta gaishe ni da ladabi, ta buɗe kular, ta ga kwalaye, ta buɗe jakata ta ga sirinji cikin leda. Fuskarta ta canza. Ta karɓi takardun, ta ce wa Sabo ya koma can gindin darbejiya ya tsaya, da ni za ta yi magana.

Ta ce maganin wane ne. Na ce na ɗana. Ta ce ya sunansa.

Na ce Baffa.

Ta dubi takardar ta ce ba shi ne a nan ba.

Na yi mata bayani, na ce ɗan fari ne, kuma mai sunan surukina. Na ce ta kira Sabo ya faɗa mata. Ta ce ba Sabo ne ya riƙo kular ba. Na ce to ta karanta, in shi ne zan ce e. Ta ce wannan kowa zai iya. Ina jin gumi yana bin bayana. Na roƙe ta ta rufe kular tukuna, iska tana shiga. Ta rufe, har ta sauke ta ƙarƙashin tebur inda ya fi inuwa, ta dawo ta zauna.

"Mama, na san kunya. Ni ma 'yar fari ce, har na girma uwata 'ke' take ce mini. Amma masu ƙwaya sun gano tsofaffi. Su ba mace kaya da takarda, ita ba ta ma san sunan da ke jiki ba. In ɗanki ne kin san sunansa. Ki faɗa mini ki wuce."

Ku da kuke da 'ya'yan fari kun san abin da nake nufi. Ba taurin kai ba ne. Na buɗe baki, sunan yana nan a maƙogwarona, harshen ne ya ƙi ɗagawa. Na ga fuskar surukina yana zaune a zaure yana jan carbi. Na ga uwata ranar da ta ja mini kunne ina jego. Mutanen da ke bayana suka fara tsaki. Ma'aikaciyar ta ce in koma gefe in yi tunani, ta sallami wasu. Na koma gefe na tsaya kamar an dasa ni, ina kallon kular a ƙarƙashin tebur, ruwa ya fara tsattsafowa ta gindinta yana jiƙa ƙasa.

Ganin ruwan nan ne ya tura ni. Na dawo na sunkuya wajen kunnenta na faɗa. A daidai lokacin wata babbar motar albasa tana tsaye a gefenmu tana ruri. Ta ce ba ta ji ba. Na ƙara, ta girgiza kai ta nuna kunnenta. Sai na rufe ido na ɗaga murya iya ƙarfina, direban kuwa ya kashe motarsa. Sunan ya fita a fili tsirara, da na ubansa a haɗe. Mai rake ya ji, masu canji sun ji. Sabo daga gindin darbejiya ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Ma'aikaciyar ba ta yi dariya ba, Allah ya yi mata albarka. Ta duba kwalayen ɗaya-ɗaya ta haɗa da abin da ke takarda, ta buga hatiminta, ta miƙo mini kular da hannu biyu ta ce Allah ya ba shi lafiya.

A ɗaya gefen, Ɗan Barto, aikin bai yi tsawo ba. Ma'aikatansu na kwastan, duwan suke ce musu, suka ga hatimi suka juya takardar. Ɗaya ya tambaye ni wace likita zan kai maganin. Na ce likitan namiji ne, yana Daura. Ya ce a'a, wace likita, ta Matamai ko ta Damagaram. Muka tsaya kallon juna. Sabo ne ya raba mu, ya ce a can asibiti shi ne likita, likitan kuma lokotoro. Na ce to Allah ya kyauta. Ya yi wa mutumin bayanin sansanin, mutumin ya ce awo, ya ɗaga mana hannu. Awo ɗin nan shi ne e nasu, kuma na sha jin sa.

Sai da muka zauna a motar Matamai wani abu ya faɗo mini. Na ce Sabo, ai na iya rubutu. Da na ce ta ba ni biro. Sabo ya yi dariya har yana dukan kujerar gaba, ya ce shi tun yana gindin bishiya ya tuna, amma an hana shi matsowa. Ya ce yau shekara nawa yana jiran ya ji yadda sunan babansu zai zauna a bakina, ashe sai an haɗa da hukuma.  Ina jijjiga kular a hankali, ba abin da nake ji sai ruwa.

Taya ta fashe mana a hanya, aka sauke mu gindin wata ƙaya mara inuwa. Na jiƙa tawul da ruwan shana na lulluɓe kular, na tsuguna na kare ta da jikina. Kafin mu shiga Matamai la'asar ta wuce, kuma ɗayar motar kamfanin da aka ce za ta jira mu a tasha ta gaji ta tafi. Aka ce sai da safe za ta dawo ɗaukar ruwa da burodi. Muka gwada kiran sansanin, wayar ba ta shiga, wai sai mutum ya hau tudu a can ake samunsa.

Sabo ya kai mu gidan mai masaukinsa, wani abokin cinikinsa na dabbobi. Matar gidan, Rabi, mace ce mai fara'a, ta karɓe ni kamar ta san ni. Hausarsu tamu ce, sai dai an barbaɗa mata Faransanci kamar yaji. Ta ga yadda na rungume kular ta tambaya, na ce magani ne mai son sanyi, kuma sanyin ya ƙare. Ta ce wannan ba komai, kawo in sa miki shi wajen galas.

Abin da kunnena ya ji shi ne gilas. Ni da ake cewa ina jin faɗuwar allura a ɗaki na uku. Nan take na tuna firjin matar kanti mai ƙofar gilas, na ce a raina ashe su ma suna da irinsa. Na ce mata Allah ya saka, na miƙa mata, ta shige da shi wani ɗaki.

Na yi alwala na rama sallolina. Ta kawo dambu da zogale, da wani burodi dogo kamar taɓarya, ɓawonsa yana yanka dasashi. Sai shayi a 'yan kofuna ƙanana, mai ɗaci, wai sai an sha zagaye uku, in ka tashi a na farko ka raina mai gida. Na fara jin jikina ya saki, har ina ba ta labarin Kongolam tana tafa hannu. Muna haka wata maƙwabciya ta yi sallama da kwano a hannu, ta ce Rabi a ba ta galas, maigidanta yana azumi. Rabi ta tashi ta shiga ɗakin nan. Na ji ƙarar murfi mai nauyi. Ta fito da dunƙulen ƙanƙara yana hayaƙi ta jefa a kwanon, ya ce ƙwal.

Ban san lokacin da na tsallake tiren shayin ba. Firiza ce babba irin ta masu sayar da ƙanƙara, cike da ledoji sun daskare kamar duwatsu. Baiwar Allah don ta kyauta mini ta fiddo kwalayen daga kular, ta zuba su a roba tare da ledar ruwan, ta ɗora a sama. Na fizgo robar. Na ɗaga ledar ruwan na matsa. Ta yi sanyi har tana cizon yatsa, ruwan yana motsi, amma a kusurwa ɗaya na ji wani ɗan ƙaras-ƙaras ya narke a hannuna. Kwali ɗaya kuma ya zame ya jingina da bangon firizar, farin sanyi ya kama gefensa.

Rabi ta rikice tana ta ba ni haƙuri. Na ce ba laifinta, ta tambaye ni na ce e. Na zare zare daga bakin zanena na ɗaure kwalin nan don kada ya ɓace cikin 'yan uwansa. Muka naɗe sabuwar ƙanƙara da tawul yadda matar kanti ta yi, muka mayar da komai kula.

Da Sabo ya shigo bayan magariba na gaya masa. Wasan ya bar fuskarsa. Ya juya kwalayen ya ce shi bai ga komai ba. Ya ce in na gaya wa ma'aikacin lafiyar, mutumin da ya zubar da firji guda saboda zafi, zai iya cewa duka a zubar, mu koma Daura hannu biyu, yaron kuma ba shi da kwanakin jiran wani zuwan. Ya ce ruwan bai daskare ba, to me za a faɗa. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, ni ma shi nake ji. Na ce masa in kuma maganin ya mutu aka yi ta ɗura wa yaron ruwan banza ana zaton magani ne fa? Ya ce in bari mu ga safiya.

Da safe motar ta zo, irin mai tsayin nan da ke shiga yashi. Muka bar kwalta muka shiga daji, ba hanya sai sawun taya. Direban yana ta hira da Sabo kan farashin raguna. Da rana ta ɗaga muka hango ƙarfen haƙa ya miƙe sama, ga tantuna, ga kwantena biyu, ga faifan hasken rana a jere.

Wani siriri mai farar riga ya fito tarye mu, na ji ma'aikata suna ce masa Mushe Isufu. Na dubi Sabo, ya raɗa mini cewa a nan mushe girmamawa ce, kamar a ce malam, kada in yi dariya. Ba ni da dariyar ma. Shi ne ma'aikacin lafiyar da ya kira waya. Ya kai mu kwantenar da ke ɗakin magani. Akwai kabad na ƙarfe da kwaɗo, makullin yana rataye a wuyansa, ga firjin an sa masa sabon batir yana gurnani, da ma'aunin sanyi a ciki. A bayan labule yaron yake kwance. Na leƙa. Ya rame, leɓɓansa sun bushe, ga bokiti a gefen gado. Ya buɗe ido ya ce Inna, ke ce? Na ce ni ce, na saki labulen, don in na ƙara kallo ba zan iya magana ba.

Mushe Isufu ya karɓi takardun ya karanta, ya duba hatiman, ya sa hannu zai buɗe kular. Sabo yana bayana, ina jin numfashinsa. Na ce dakata, akwai magana. Na gaya masa duka, da galas da gilas, da ledar ruwa, da zaren.

 Ya fara tambaya. Me na yi tsakanin ba da kular da fizgo robar? Na ce sallah biyu, da cin dambu, da shayi zagayen farko. Ruwan ya yi tauri ko yana motsi? Na ce yana motsi, sai kusurwa ɗaya. Ya ɗauki mai zaren ya ajiye shi daban a wata roba, ya ce wannan ba zai taɓa jikin kowa ba. Ya buɗe ɗaya daga sauran ya ɗaga kwalbar wajen haske, ya juya ta. Ya ce ido bai ga komai ba, amma ido ba ya gani duka. Ya ce jikin yaron ne zai faɗa. Zai yi masa allurar, ya riƙa auna jininsa. In sugan ya sauka, maganin yana da rai. In bai sauka ba, a yau za a ɗauke shi a motar nan zuwa babbar likita, ko me zai faru a hanya.

Ya shiga bayan labule. Ni na fita na zauna a inuwar kwantenar. Mai dafa musu abinci ya kawo mini shinkafa da miyar da ban san kanta ba, ban iya ci ba. Injin haƙa yana ta duka, ƙasa tana rawa a ƙarƙashina. Sabo ya zauna nesa kaɗan yana jan carbi, shi da carbinsa ba ya fita aljihu sai ranar Juma'a. Duk sanda Mushe Isufu ya shiga da ɗan abin awonsa sai in kasa kunne. Na farko ya fito bai dubi kowa ba. Na biyu ya fito ya ce a ƙara wa yaron ruwa. Aka kira azahar, na yi salla ban san me na karanta ba.

Inuwa ta fara komawa gabas ya sake shiga. Na ji ɗan ƙarar abin awon.  Sai ya ɗaga labulen ƙofa ya leƙo, ya dube ni.

"Awo," ya ce. "Yana sauka."

Na kifa fuskata a mayafi. Da na ɗago na ga ya jera sauran kwalayen a firji, ya rubuta sunan yaron a jikin kowanne, ya rufe ya duba ma'aunin.

Kwana muka yi a can, aka ba ni tanti ni kaɗai. Washegari yaron ya tashi zaune ya sha kunu, har ya fito ya raka mu wajen mota yana dafa kafaɗar Sabo. Mushe Isufu ya ce zai riƙe shi a ɗakin magani sai ya murmure, kuma kamfanin ya yarda a riƙa ajiye batir na biyu. Ni dai na ce a riƙa leƙa firjin nan kamar yadda ake leƙa tukunya.

Ashe Sabo bai iya riƙe bakinsa ba. Muna tsaye ana loda jarkoki, yaron ya matso kusa da ni, yana kallon ƙasa yana murmushi.

"Inna, Baba Sabo ya ce wai kin faɗi sunana. Wai har mai rake ya ji."

Na ce Sabo ba shi da aiki.

"Ni kaɗai ne ban ji ba. Ki ɗan faɗa in ji yadda yake."

Na dube shi. Ga wuyan nan ya rame, ga tabon allura a hannu. Wallahi sai da sunan ya taso mini har bakin haƙora. Na gyara mayafina na kama ƙofar mota, na ce masa in yana son ji ya warke ya zo gida, in ya iso Kongolam ya tambaya, can na bar shi a hannun hukuma.

Ku ma da kuke ta zungurina in faɗa muku, amsar ke nan. Kular tana nan a ɗakina na wanke ta. Wadda za ta aika wa nata magani ta zo ta ara, in kwatanta mata yadda ake naɗe tawul, in kuma gaya mata abin da galas yake nufi tun kafin ta bar Daura.